Kowane Mai Rai Yana Da Linzami

Darasi don taron ƙungiyoyin manoma na Sakkwato da kewaye



Darasin wannan karo ya fito daga wata tambaya da aka yi mana a taron wata ƙungiya ta masu noman fadama a bakin gulbin Rima. Wani dattijo ya tashi ya ce, "Malam, zamanin iyayenmu babu maganin feshi, amma ana cika rumbu. Yau ga magani a kowace kasuwa, kuɗinmu na ƙarewa a kansa, ƙwari kuwa sai ƙaruwa suke yi. Ina dalili?" Ran nan ba mu ba shi cikakkiyar amsa ba. Muka yi alkawari za mu rubuta ta domin dukan ƙungiyoyi su karanta.

Tambayar tana da nauyi, gama ƙungiyoyi da yawa suna shirin cin bashin iri da magani kafin damina. In mun fahimci wannan darasi, za mu san inda ya kamata kuɗin ya tafi.

Ga shugaban taro: a zo da tsabar gero cikin ƙwarya, da tsohon gwangwani mai huda a gefe, da ruwa kaɗan. A karanta kashi ɗaya, a tsaya, a bar mutane su faɗi abin da suka gani a gonakinsu, sa'an nan a ci gaba.

1. Lissafin tsaba

Bari mu fara da lissafi. A ajiye tsabar gero ɗaya a kan tabarma. A riɓanya ta, ta zama 2. A yi ta riɓanyawa: 4, 8, 16, 32. A riɓi na goma an kai 1,024. Tabarma ba za ta ishe mu mu ci gaba ba, amma a takarda riɓi na ashirin ya kai 1,048,576. Watau daga tsaba ɗaya an wuce miliyan.

Haka masu rai suke yaɗuwa in babu abin da ya tare su. Macen ɓeran gona, wanda a nan muke ce wa kusu, cikinta kamar kwana 23 ne. Takan haifi 'ya'ya 10 ko 12 a lokaci guda, su kuma su fara tasu haihuwar kafin su cika wata huɗu. Darɓar da ke kama wake da gyaɗa ba ta ko bukatar namiji. Ta haifi 'ya yau, bayan kamar mako ɗaya 'yar ta fara haihuwa. Tushen ƙuduji ɗaya yakan zubar da iri 50,000 ko fiye, irin kuma yakan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran dawa ko gero.

In da dukan waɗannan za su rayu, da cikin 'yan shekaru ba mu da wurin sa ƙafa tsakanin Sakkwato da Wamakko saboda ɓeraye. Amma ba haka muke gani ba. Galibi shekara takan zo ta wuce, ɓerayen suna nan kusan yadda suke bara. Ashe akwai abin da ke riƙe da su. Cikin wannan darasi za mu kira shi linzami, kamar wanda ke hana doki faɗa wa gonar mutane.

2. Linzami iri biyu ne

Iri na ɗaya shi ne na yanayi: rashin ruwa, ambaliya, zafi, sanyi, gobarar daji. Wannan ba ruwansa da yawa ko ƙaranci. In ya zo yakan bugi kowa. Mu a Sakkwato mun san shi sarai. Ruwan samanmu na shekara yakan kama milimita 600 zuwa 700, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. Sauran watannin rani ne, a Afrilu kuwa zafi yakan wuce digiri 40. Dogon ranin nan yana kashe mana ƙwari masu yawa kowace shekara, ba mu biya ko kwabo ba. Ambaliyar Satumba 2010, wadda ta yanke hanyar jami'a a Kwalkwalawa, ita ma cikin wannan iri take. Ta cinye gonar mai himma da ta malalaci.

Iri na biyu shi ne abinci, da wurin zama, da cuta, da maƙiya. Wannan yana ƙara matsewa sa'ad da yawa ya ƙaru. Mai akuya biyar a ɗan garkensa yakan ga suna ƙiba suna haihuwar tagwaye. In ya tara talatin a wannan garke da wannan harawa, sai su rame, haihuwa ta ragu, cuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Haka yake a daji. Ɓeraye suka yi yawa, abinci ya kasa, cuta ta shiga, mujiya da shaho su taru a wurin.

Yanzu a ɗauki gwangwanin nan a zuba ruwa. Kome yawan ruwan da aka zuba, ba ya wuce inda hudar take. Wani masanin ƙasar Jamus mai suna Liebig ya yi bayanin wannan game da tsiro tun wajen 1840: abin da ya fi ƙaranci shi ke yanke iyakar girma. Gonar da ta rasa taki, ruwa ba ya gyara ta. Gonar da ta rasa ruwa, taki ba ya gyara ta.

Wannan ya shafi kiwonmu. Jar akuyar Sakkwato da gudali dukiya ne, amma ƙasa kamar jaki take, tana da iyakar kayan da za ta ɗauka. Ba a auna wannan iyaka a Satumba, lokacin da ko'ina kore ne. A Mayu ake auna ta, sa'ad da kara ya ƙare, ciyawa ba ta fito ba. Watan Mayu shi ne hudar gwangwanin makiyayi.

3. Abin da jan-baki ya koya mana

Duk mai noman shinkafa daga Goronyo zuwa Argungu ya san jan-baki. Nauyin tsuntsun bai wuce giram 20 ba, amma yakan ci ko ya ɓata kamar giram 10 na hatsi a yini. Garke mai tsuntsu miliyan ɗaya ke nan ya ɓata tan 10, watau buhu 100, kafin rana ta faɗi.

A farkon shekarun 1960 wani Baturen Ingila mai suna Peter Ward ya yi nazarin jan-baki a yankin tafkin Cadi, cikin Nijeriya. Ya ga ainihin abincinsa irin ciyawar daji ne da ke zube a ƙasa duk tsawon rani. Sa'ad da ruwan fari ya sauka, irin nan yakan tsira gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Sai abinci ya ɓace farat ɗaya. Dole tsuntsayen su cika ciki da shinge, su tashi zuwa kudu inda damina ta riga ta yi nisa, ciyawa ta yi 'ya'ya. Masu yawa sukan mutu a wannan tsakani. Yunwar farkon damina ita ce babban linzamin jan-baki.

Daga nan muka gane abin da ya sa feshin jirgin sama bai ƙarar da shi ba, ko da yake an shekara fiye da 60 ana yi a ƙasashen Afirka da dama. Da yawa daga waɗanda feshi ya kashe, dama yunwa za ta kashe su. Waɗanda suka rage kuma sai su sami abinci a wadace, su hayayyafa. Feshi yakan ceci gonakin da ke kusa da makwancin tsuntsayen a wannan shekara, wannan gaskiya ne. Amma gubar takan kashe shaho da shirwa da sauran masu cin gawar jan-bakin.

Abin da ke hannunmu shi ne mu rage masa sauƙin ci. In maƙwabta sun yi shuka lokaci ɗaya, amfani ya nuna lokaci ɗaya, ɓarna takan rarrabu, ba ta taruwa a kan mutum guda. Gonar da ta nuna ita kaɗai, ko da wuri ko a makare, ita ce ke shan wuya. Gero mai gashi ya fi wuyar ci ga tsuntsu. Kacalla kuma, wadda waɗansu ke kira shalla, in ta cika magudanan ruwa, makwanci ce muka gina masa.

4. Sa'ad da linzami ya tsinke

Manyanmu sun tuna farin 1972 da 1973. Dabbobi suka mutu, itatuwa suka bushe, namun daji da tsuntsaye suka ragu. A 1974 ruwa ya dawo, kowa ya ce wahala ta wuce. Sai ga abubuwa sun biyo baya a jere.

A 1974 fara ta tashi a ƙasashen Sahel har da arewacin Nijeriya. A 1975 da 1976 ɓeraye suka cika daji daga Senegal har Nijar da ƙasarmu, suna tone iri daren da aka shuka shi, har waɗansu suka yi shuka sau da dama. A 1975 ɗin kuma darɓa ta yaɗa kuturtar gyaɗa, ta lalata kamar hekta 700,000 a arewacin Nijeriya, noman gyaɗar da ya gina dalar Kano bai sāke komawa yadda yake ba. Tsutsar da ke cin zangarniyar gero, wadda mutanen Nijar ke kira murzuna, ita ma bayan wannan fari ne ta zama babbar annoba. Da can tana nan, amma ba a damu da ita ba.

Mu lura da abu ɗaya. Masu ɓarnar nan duka ƙanana ne masu saurin haihuwa. Masu cinsu kuwa a hankali suke haihuwa. Ɓera ya haihu sau da dama kafin mujiya ta yaye 'ya'yanta na fari. Saboda haka in masifa ta bugi mai ci da wanda ake ci tare, wanda ake ci ne ke fara farfaɗowa, ya tarar da fili babu mai tsaro. Ɓerayen 1975 ma daga baya sun ragu da kansu, sa'ad da abinci ya kasa, cuta da maƙiya suka cim musu. Amma kafin nan sun riga sun ci rabonmu.

Ga amsar tambayar dattijon nan. Maganin feshi mai kashe kowane ƙwaro yana yi wa gona abin da farin 1973 ya yi wa daji. Yakan kashe darɓa tare da mai cin darɓa. Bayan mako biyu darɓa ta dawo, maƙiyinta bai dawo ba. Sai a sāke feshi. Ban da haka, 'yan kaɗan ɗin da maganin bai kashe ba su ne ke haihuwa, 'ya'yansu su gaji wannan tauri. Shekara kaɗan sai a ce maganin ya daina ci.

Noman rani ma ya sassauta wani linzamin. Da can ƙwaro yakan rasa abinci wata bakwai. Yanzu in tumatir ya bi tumatir a fadama ɗaya, ƙwaron ba ya yunwa ko na mako guda. Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta nuna mana haka a 2016, sa'ad da ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Baƙuwa ce, ta baro maƙiyanta a gida, ta kuma tarar da abinci iri ɗaya shimfiɗe.

Ba mu kaɗai muka taɓa yin wannan kuskure ba. A 1958 gwamnatin ƙasar Sin ta umarci jama'a su kashe gwara domin tana cin hatsi. Aka kashe miliyoyi. Ashe gwara da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. Fara da tsutsa suka yi yawa, suka ƙara tsananta yunwar da ta faɗa wa ƙasar daga 1959 zuwa 1961. A 1960 aka janye umarnin.

5. Ma'aikatan da ba mu biya

Bari mu ƙirga masu riƙe mana linzami a gona.

Mujiya. Iyali ɗaya na mujiya yakan cinye ɓeraye fiye da 1,000 a shekara. A Malesiya masu gonakin kwakwar manja har akwatuna suke kafa mata domin ta zauna. Mu kuwa jifanta muke yi saboda camfi.

Shamuwa da balbela. Shamuwa takan iso gab da damina, fara ce babban abincinta. Balbela na bin shanu da masu huɗa tana tsince ƙwari.

Kwaɗo, ƙadangare, bushiya, jemage ƙanana, gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da muke gani a ganyen wake. Shi wannan darɓa yake ci, shi da tsutsarsa.

Ƙananan zanzaro. Waɗansu ba su kai ƙwayar gero ba. Sukan sa ƙwai a jikin tsutsa, 'ya'yansu su cinye ta. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun mai da wannan sana'a. Tun wajen 2006 masu bincike na cibiyar aikin gona ta Nijar, watau INRAN, suke kiwon wani ɗan zanzaro mai kashe murzuna. Akan sa shi cikin ɗan buhun algarara tare da gero da tsutsar da zai hayayyafa a kanta, a rataya a itatuwan ƙauye lokacin da gero ke fid da kai. Zanzaron ya fita ya bazu cikin gonaki. Yanzu akwai ƙungiyoyin manoma a can da ke haɗa buhunan suna sayarwa.

Rogo ma da irin wannan aka cece shi. Wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya shigo Afirka daga Amurka ta Kudu a farkon shekarun 1970, ya yi ta lalata rogo ƙasa bayan ƙasa. Masana suka bi sawunsa har Faraguwai, suka samo zanzaron da ke cinsa. Cibiyar IITA ta sake shi a Ibadan a 1981. Cikin 'yan shekaru annobar ta kwanta, babu manomin da ya sayi magani.

Ungulu. Manyanmu sun tuna yadda take cika mayanka da kasuwa a Sakkwato. Yau yara da yawa ba su taɓa ganinta ba. Ana kama ta ana sayar wa masu magani, guba kuma na kashe ta. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. A Indiya, wani maganin ciwo da ake yi wa shanu ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayensu a shekarun 1990. Mushe ya yi ta ruɓa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yi yawa, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana maganin.

6. Gonar kakanni

Mu tuna yadda gonar tudu take a da. Gero da maiwa da dawa a gona ɗaya, wake na yaɗo a ƙarƙashi, ga yakuwa da rama a kan iyaka, ga duma da guna, ga gawo da kalgo da aduwa a tsaye. Mai kallo daga waje ya ce hargitsi ne. Amma kowane abu yana da aikinsa.

Gero yakan nuna da wuri, ya raba mu da yunwar tsakar damina. Maiwa da dawa sukan jira ruwan ƙarshe. In ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsira. In ya yi jinkirin sauka ya daɗe, maiwa ta biya. Wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyensa yana rufe ta. Ƙwaron da ke cin wake ba ya cin gero, saboda haka ba ya samun abinci a jere daga wannan iyaka zuwa waccan. Gyaɗa da waken suya da auduga kuma sukan ruɗi irin ƙudujin dawa ya tsira, ya rasa saiwar da zai kama, ya mutu. Shekarar da hatsi ya kasa, tafasa da yaɗiya da anza da 'ya'yan aduwa su ne suka riƙe mutane.

Mutanen ƙasar Ailan sun dogara ga dankalin Turawa, galibi iri ɗaya. Cuta ta shiga a 1845, ta sami kowace gona daidai da 'yar'uwarta. Kamar mutum miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ya bar ƙasar. Irin zamani yana da amfani, muna kuma ƙarfafa ku ku gwada shi. Cibiyar Samaru ta Zariya ma ta fid da gyaɗar da kuturta ba ta kamawa. Amma kada ƙungiya ta yar da irin gida duka saboda shi.

Gawo kuwa ya isa a yi masa darasi shi kaɗai. Yakan zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki. Da rani ya yi kore, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya a daidai watannin da suka fi bukata. Tsuntsaye masu cin ƙwari kuma a kansa suke sheƙa.

A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na kututturan itatuwa masu rai. Ya shawarci manoma su zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, su yanke sauran, su tsare su. Aka sa wa abin suna sassaben zamani. Yau an kiyasta itatuwa kamar miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wuƙa da haƙuri kawai aka sa.

Kada a ɗauka muna cewa zamanin da babu wahala. An yi yunwar Kakalaba a 1913 da 1914, an yi farar dango a shekarun 1930. Yawan iri ba ya hana fari zuwa. Abin da yake yi shi ne, in an faɗi ba a faɗuwa gaba ɗaya, ana kuma saurin tashi.

7. Fadama da kifi

Ambaliyar shekara-shekara ita ce rayuwar fadama. Ita ke kawo sabuwar laka, ta jiƙa ƙasa har rani. Da ita shinkafar gida ke girma tana bin ruwa. Tarwaɗa da karfasa da sauran kifaye sukan bar gulbi su shiga ciyawar da ruwa ya rufe su yi ƙwai, ƙananan su sami abinci da maɓoya.

A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara. Binciken da wani malami na jami'ar Kambirij, W. M. Adams, ya yi a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa a ƙasa da madatsar ambaliya ta ragu, gonakin shinkafa da yawa suka koma na gero da dawa, kamun kifi ya faɗi, masunta da dama suka bar sana'ar ko suka yi ƙaura. Kifi bai rasa ruwan sha ba, wurin haihuwa ya rasa. Wannan ita ce hudar gwangwaninsa. Madatsar Goronyo a kan Rima, wadda aka gama a 1984, tana ba birnin Sakkwato ruwan sha, tana kuma ba mu noman rani. Muna godiya da wannan. Amma ya kamata ƙungiyoyin fadama su riƙa zama da hukumar kogin kan lokacin sakin ruwa.

Argungu ta ba mu misali mai kyau. Bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, a Matan Fada ake yinsa. Sarkin Ruwa yana hana su a wannan yanki sauran watannin shekara. Shi ya sa ake samun giwan ruwa wanda mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. A nan mutane ne suka sa wa kansu linzami.

8. Abin da ƙungiya za ta iya yi bana

Na ɗaya, a duba kafin a fesa. Kowane mako mutum biyu su zaga gonakin ƙungiya, su duba tushe 20 a kowace gona, su rubuta masu ɓarna da masu cinsu. In ɓarna ba ta kai ta ci kuɗin magani ba, a dakata.

Na biyu, in feshi ya zama dole, kamar na wake lokacin fure, a nemi shawarar malamin gona, a yi da yamma bayan ƙudan zuma sun koma, a kan gonar da ta kamu kaɗai. A fara gwada ruwan 'ya'yan dogon yaro. Kada a wanke tankin feshi a gulbi ko tafki.

Na uku, a kafa rumbun iri. Kowane memba ya kawo tiya ɗaya ta irin gida, a rubuta sunansa da kwanakin da yake yi kafin ya nuna.

Na huɗu, a bar aƙalla kututture 10 a kowace gona su yi toho, a kuma yi yarjejeniya da makiyaya da masu saran itace.

Na biyar, a juya shuka. Kada tumatir ya bi tumatir, kada dawa ta bi dawa a gonar da ƙuduji ya kama. A cire ƙuduji kafin ya yi fure, a ƙone shi.

Na shida, a shuka gyaɗa da wuri, a cike ta sosai, gama darɓa ta fi son gona mai gurabe.

Na bakwai, a hana yara harbin mujiya da shamuwa da balbela. Kada a sa guba a mushe.

Na takwas, a ƙirga dabbobi da harawa tun kaka. Waɗanda abinci ba zai kai su Yuni ba, a sayar da su suna da ƙiba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne itatuwa, tsuntsaye, kifaye da irin hatsi ne kuka sani kuna yara waɗanda yanzu babu su? A rubuta sunayensu.

2. Wane ƙwaro ne ya fi damunku bara? Me ke cinsa? Kun ga mai cinsa a gonarku?

3. A gonarku, mene ne hudar gwangwani: ruwa, taki, iri, ko hannun aiki?

4. Nawa ƙungiyarku ta kashe kan maganin feshi cikin shekara uku da suka wuce? Kuɗin raguwa yake yi ko ƙaruwa?

5. Cikin shawarwari takwas ɗin nan, waɗanne biyu za ku fara da su, wa kuma zai ɗauki nauyin kowace?

Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya aiko mana da amsar tambaya ta ɗaya da ta biyar kafin ruwan shuka. Za mu haɗa sunayen da kuka rubuta, mu buga su a fitowa ta gaba, domin ƙungiyar da ta rasa wani iri ta san inda za ta same shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.